TARIHI: Heinrich Hertz, masanin da sunansa ke kan fuskar kowace rediyo

Duk ma'aikacin da ya fito daga Nyanya ko Kubwa da sassafe, ya murɗa rediyon motarsa zuwa 92.9 domin sauraren Kapital FM, ya yi amfani da sunan wani Bajamushe ko da bai sani ba. Haruffan MHz da ke gefen lambar tashar, da GHz da ake rubutawa a takardun Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, da Hz 50 da ke jikin kowace na'urar lantarki a ofisoshinmu, duk suna ɗauke da sunan mutum guda, Heinrich Rudolf Hertz. Shekara 36 kacal ya yi a duniya. A cikinsu ya tabbatar da cewa akwai igiyoyin lantarki da maganaɗisu masu ratsa sarari ba tare da waya ba, ya auna tsawonsu, ya kuma nuna cewa gudunsu irin na haske ne. Ya rasu kafin a aika saƙo ko ɗaya da su zuwa wani gari.

Tasowarsa a Hamburg

An haifi Hertz ranar 22 ga Fabrairu, 1857, a birnin Hamburg da ke arewacin Jamus. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa, Gustav Ferdinand Hertz, lauya ne wanda daga baya ya zama ɗan majalisar dattawan birnin. Asalin gidan mahaifin Yahudawa ne, amma tun zamanin kakansa iyalin suka koma addinin Kirista. Wannan asali bai dami kowa ba a lokacin rayuwarsa, sai bayan rasuwarsa da shekara arba'in ya zama abin tsangwama ga iyalinsa.

Tun yana yaro ya haɗa baiwa biyu da ba kasafai ake samunsu wurin mutum ɗaya ba, kaifin ƙwaƙwalwa da iya aikin hannu. Ya koyi sassaƙa da sarrafa katako a kan inji, har yana ƙera wa kansa kayan gwaji a gida. An ruwaito cewa da magwajin da ya koya masa wannan sana'a ya ji labarin ya zama farfesa, sai ya nuna takaici, don a ganinsa an yi asarar gwanin masassaƙi. A fannin harsuna ma haka abin yake. Bayan Latin da Girkanci na makaranta, ya ɗauki karatun Larabci, ya yi nisa har malaminsa ya so a bar shi ya zama masanin harsunan Gabas.

Bayan ya kammala sakandare a 1875, ya fara bin hanyar zama injiniya. Ya yi aikin koyo a Frankfurt, ya ɗan zauna a kwalejin fasaha ta Dresden, sannan ya yi shekara guda ta aikin soja a rundunar da ke kula da jiragen ƙasa a Berlin. A 1877 ya isa Munich da niyyar ci gaba da karatun injiniya, amma a can ya gane cewa zuciyarsa tana wajen binciken kimiyya. Ya nemi izinin mahaifinsa ya sauya hanya, aka kuwa amince masa. A 1878 ya koma Jami'ar Berlin, inda manyan malaman kimiyyar lissafi da ɗabi'ar abubuwa na zamanin, Hermann von Helmholtz da Gustav Kirchhoff, suke koyarwa. Ya sami digirin dakta a 1880 yana da shekara 23, ya zauna mataimaki ga Helmholtz har shekara uku.

Tambayar da Maxwell ya bari

Domin a fahimci girman aikin Hertz, sai an koma baya kaɗan. A 1865 wani masani ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya fitar da lissafin da ya haɗa lantarki da maganaɗisu a tsari guda. Lissafin ya nuna cewa idan ƙarfin lantarki yana kai-kawo da sauri, zai haifar da igiya mai tafiya cikin sarari. Da Maxwell ya lissafa gudun wannan igiya, sai ya ga ya kai kimanin kilomita 310,000 a daƙiƙa guda, wato kusan daidai da gudun haske da Bafaranshe Hippolyte Fizeau ya auna a 1849. Daga nan ya yanke cewa haske kansa igiyar lantarki da maganaɗisu ce.

Matsalar ita ce duk wannan a takarda yake. Babu wanda ya taɓa samar da irin wannan igiya da kayan lantarki, balle ya auna ta. Yawancin masanan Jamus na lokacin suna kan fahimtar cewa ƙarfin lantarki yana isa nesa nan take, ba ya buƙatar lokacin tafiya. Maxwell ya rasu a 1879 yana da shekara 48 ba tare da an warware gardamar ba. A wannan shekarar ce Cibiyar Kimiyya ta Berlin, bisa shawarar Helmholtz, ta sa kyauta ga duk wanda ya gwada wani ɓangare na ra'ayin Maxwell. Helmholtz ya so ɗalibinsa ya shiga. Hertz ya zauna ya yi lissafi, ya ga kayan aikin da ake da su ba za su iya samar da kai-kawo mai saurin da ake buƙata ba, sai ya ajiye batun. Bai manta da shi ba.

Dalilin da ya hana shi shiga gasar shi ne ainihin ƙa'idar da wannan tarihi ya ginu a kanta. Kowace igiya tana da abubuwa uku: tsawon zangonta, wato tazarar da ke tsakanin ƙoƙuwa ɗaya da mai bi mata, yawan kaɗawarta, wato sau nawa take kai-kawo a daƙiƙa guda, sai gudunta. Idan aka ninka tsawon zango da yawan kaɗawa, abin da ya fito shi ne gudun. Misalinsa kamar uba dogo ne da ƙaramin ɗansa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa zuwa masallaci. Uban yana jefa ƙafa da nisa, takunsa kaɗan ne. Yaron takunsa gajere ne, dole ya yawaita shi kafin ya jera da mahaifinsa. Tunda gudun igiyoyin lantarki a sarari guda ne, kusan mita miliyan 300 a daƙiƙa, duk igiyar da kaɗawarta ta ƙaru, zangonta sai ya gajarta. Igiya mai kaɗawa sau dubu a daƙiƙa tsawonta kilomita 300 ne, ba ɗakin gwajin da zai ɗauke ta. Mai son igiyar da zai auna da ma'aunin kafinta, sai ya sami abin da ke kaɗawa sau miliyoyi masu yawa a daƙiƙa.

Tartsatsin Karlsruhe

A 1883 Hertz ya tafi Jami'ar Kiel yana koyarwa, amma rashin ɗakin gwaji ya takura shi. A 1885 aka ba shi kujerar farfesa a kwalejin fasaha ta Karlsruhe, inda ya tarar da kayan aiki wadatattu. A can ya auri Elisabeth Doll, 'yar wani malamin kwalejin, a 1886. Cikin kaka na wannan shekarar, yana gwada wasu naɗaɗɗun wayoyi na koyar da ɗalibai, ya lura cewa idan tartsatsin lantarki ya tashi a ɗaya, wani ɗan ƙaramin tartsatsi yakan bayyana a ɗayar, alhali ba abin da ya haɗa su. Wani zai ɗauka abin ƙarami ne ya wuce. Shi kuwa ya gane cewa tartsatsi yana sa lantarki ya yi kai-kawo da saurin da ya nema ya rasa shekara bakwai da suka wuce.

Kayan da ya harhaɗa ba su da wani ƙawa. Na'urar aikawa sanduna biyu ne na waya a miƙe, da ƙwallon ƙarfe ko faranti a ƙarshen kowanne, da 'yar tazara a tsakiya inda tartsatsi ke tsallakawa. Wannan shi ne kakan eriyar da muke gani a yau. Na'urar karɓa kuwa zoben waya ne kawai, an yanke shi a wuri guda an bar ɗan gibi. Idan igiya ta iso, sai tartsatsi ya tsallake gibin. Ƙanƙantar tartsatsin ta sa sai ya rufe tagogi ya zauna cikin duhu har idonsa ya saba, wani lokaci ma sai da gilashin ƙara girma yake ganinsa.

Yana cikin wannan aiki a 1887 ya ci karo da wani abin mamaki. Idan haske mai ƙarfi na nau'in da ke gaba da launin shuni, wanda ido ba ya gani, ya faɗa kan gibin zoben, tartsatsin yakan fi saurin tashi. Ya yi watanni yana bin diddigin lamarin, ya rubuta abin da ya gani dalla-dalla, ya ƙi ƙirƙiro masa bayanin da ba shi da hujjarsa. Sai a 1905 Albert Einstein ya bayyana dalilin, kuma wannan bayani ne aka ambata lokacin da aka ba shi kyautar Nobel ta shekarar 1921.

Yadda ya auna abin da ba a gani

A farkon 1888 Hertz ya mayar da babban zauren lacca na kwalejin, mai tsawon mita 15, ɗakin gwaji. Ya cire abin da zai iya cirewa na ƙarfe, ya kafa na'urar aikawa a gefe guda, ya manna babban fallen tutiya a bangon da ke fuskantarta. Dabarar ita ce igiya ta bugi fallen ta dawo, ta haɗu da mai tahowa. Duk wanda ya taɓa ɗaure igiya a turke ya riƙa kaɗa ɗaya bakin ya san abin da ke faruwa: wasu wurare suna tsalle sosai, wasu kuma suna tsaye cik. Tazarar da ke tsakanin wuri mai tsayawa da na gabansa rabin tsawon zango ne.

Haka ya ɗauki zobensa yana tafiya a hankali daga bango zuwa tsakiyar zaure. A wani wuri tartsatsi ya yi ƙarfi, a wani ya dushe, gaba kuma ya sake tashi. Ya auna tazarar, ya sami zango na kimanin mita tara da rabi. Yawan kaɗawar kuwa babu agogon da zai ƙirga shi, don haka ya fitar da shi ta lissafi daga girma da siffar na'urarsa, ya sami miliyoyi gommai a daƙiƙa. Da ya ninka lambobin biyu, gudun da ya fito ya faɗa a sahun gudun haske. Tsohuwar fahimtar cewa lantarki na isa nesa nan take ta faɗi daga ranar.

Sai dai aikin bai fita fes ba. Awonsa na farko ya nuna kamar igiya ta fi gudu a iska, kimanin kilomita 320,000 a daƙiƙa, a kan cikin waya, inda ya sami kimanin 200,000, alhali lissafin Maxwell ya ce gudun ɗaya ne. Hertz ya buga sakamakon yadda ya same shi, bai gyara lamba don ta dace da abin da yake fata ba. Daga baya masanin lissafi na Faransa, Henri Poincaré, ya gano kuskure a yadda ya lissafa yawan kaɗawar. Wasu masana biyu a Geneva, Édouard Sarasin da Lucien de la Rive, suka maimaita gwajin a wuri mafi faɗi, suka ga gudun a iska da a waya daidai yake. Ƙuncin zauren Karlsruhe da ƙarafan da suka rage a cikinsa ne suka karkatar da awon. Hertz ya karɓi gyaran, ya kuma bayyana kuskurensa da kansa a gabatarwar littafin da ya tattara ayyukan nasa a 1892.

A ƙarshen 1888 ya ƙera ƙaramar na'ura mai kaɗawa da sauri fiye da ta farko, zangonta ya sauko zuwa kimanin santimita 66, wato kaɗawa kusan miliyan 450 a daƙiƙa. Da wannan gajeren zango ya sami damar yi wa igiyar duk abin da ake yi wa haske. Ya lanƙwasa fallen tutiya mai tsayin mita biyu ya zama madubi mai tattara ta wuri guda. Ya nuna tana tafiya a miƙe, mutum na iya tare ta ya yi mata inuwa, amma tana ratsa ƙofar katako. Ya zuba kwalta mai nauyin ɗaruruwan kilo a akwati mai kusurwa uku, ya ga igiyar tana karkata idan ta ratsa shi kamar yadda haske ke karkata a gilashi. A watan Disamba 1888 aka gabatar da sakamakon a Cibiyar Kimiyya ta Berlin. Abin da ya bambanta igiyarsa da hasken rana shi ne tsawon zango kawai: nata santimita 66, na haske bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba.

Ɗaukaka da gajeren kwana

Sunansa ya bazu nan da nan. Jami'o'i suka yi ta zawarcinsa, ya zaɓi Bonn a 1889, inda ya gaji kujerar Rudolf Clausius. A 1890 ya je Landan ya karɓi lambar yabo ta Rumford daga babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila. A ƙarshen 1889 wani injiniya ya rubuto masa yana tambaya ko za a iya aika maganar tarho da waɗannan igiyoyi. Hertz ya amsa masa da ƙa'idar nan tasa. Kaɗawar muryar tarho wajen dubu ce a daƙiƙa, zangonta zai kai kilomita 300, madubin da zai tattara irin wannan igiya kuwa sai ya yi faɗin nahiya. Lissafinsa daidai ne. Abin da ba a gano ba tukuna shi ne dabarar ɗora murya a kan igiya mai saurin kaɗawa ta ɗauke ta, wadda ita ce rediyo ke amfani da ita.

A Bonn ya ci gaba da bincike, ya nuna a 1892 cewa wani nau'in hasken lantarki na cikin kwalba yana ratsa siririn fallen ƙarfe, aikin da mataimakinsa Philipp Lenard ya ɗora a kai. A wannan shekarar ciwo ya kama shi a hanci da kunne. An yi masa aiki sau da dama ba a dace ba. Duk da haka ya ci gaba da koyarwa har watan Disamba 1893, yana kuma ƙarasa littafinsa kan tushen ilimin motsi. Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1894, saura makonni bakwai ya cika shekara 37. An binne shi a maƙabartar Ohlsdorf a Hamburg. Malaminsa Helmholtz ne ya rubuta wa littafin gabatarwa, shi ma ya rasu cikin watan Satumba na shekarar.

Ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, Johanna da Mathilde. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, suka cire hotonsa daga zauren majalisar birnin Hamburg saboda asalin kakanninsa. Mathilde, wadda ta zama masaniyar halayyar dabbobi, ta rasa damar koyarwa a jami'a, daga bisani ita da mahaifiyarta da 'yar uwarta suka yi ƙaura zuwa Ingila. Sunan kuwa ya fi ƙarfin masu son shafe shi. Tun 1930 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya ta gabatar da shi a matsayin ma'aunin yawan kaɗawa, a 1960 kuma aka shigar da shi cikin tsarin ma'aunai na ƙasa da ƙasa. Kaɗawa ɗaya a daƙiƙa ita ce hertz ɗaya.

Gadonsa a teburin ma'aikacin gwamnati

Shekara guda bayan rasuwarsa, wani saurayi ɗan Italiya, Guglielmo Marconi, ya fara aika saƙo da igiyoyin Hertz, a Disamba 1901 kuma ya ba da sanarwar karɓar sigina daga Ingila a ɗaya gefen tekun Atilantika. Daga nan hanya ta buɗe har ta iso ƙasar Hausa. Dattawan da suka saurari Sashen Hausa na BBC tun buɗe shi a 1957 sun saba jin ana sanar da tasha da mita, kamar mita 16 da 19 da 25. Wannan tsawon zango ne ake faɗa musu. Rediyon Najeriya Kaduna da aka sani a kan mita 49 ta kasance a kan kilohertz 6090 ne, kuma duk wanda ya raba miliyan 300 da miliyan 6.09 zai sami 49 da ɗan ɗori. Tashar 92.9 kuwa zangonta mita uku ne da 'yan santimitoci. Lambobin biyu abu guda suke faɗa, ɗaya ta tsawo, ɗaya ta yawan kaɗawa.

Wannan ƙa'ida ce ta mayar da iska dukiyar ƙasa. Igiya mai dogon zango ta fi zagaye tudu da ratsa bango, ta fi kai wa nesa. Mai saurin kaɗawa kuwa a yankinta ake samun faffaɗan fili na ɗaukar bayanai masu yawa, amma tana buƙatar turakun sadarwa kusa da kusa. Shi ya sa layin waya na megahertz 900, mai zangon santimita 33, ya fi dacewa da ƙauyukan Abaji da Kwali, shi kuma na gigahertz 3.5, mai zangon da bai kai santimita tara ba, ya fi dacewa da cunkoson Wuse da Maitama. A Janairu 2001 NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja, kowanne a kan dala miliyan 285. A Disamba 2021 kamfanonin MTN da Mafab suka ci gwanjon 5G, kowannensu a kan dala miliyan 273.6 domin fili mai faɗin megahertz 100. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar da ke raba waɗannan zanguna tsakanin masu waya da gidajen rediyo da jiragen sama da jami'an tsaro, don kada wani ya hau kan wani.

Gudun da Hertz ya yi ta fama ya auna a cikin duhu yanzu an san shi daidai, mita 299,792,458 a daƙiƙa, kuma tun 1983 da shi ake fayyace tsawon mita kanta. Da wannan gudu saƙo daga Abuja zuwa Kano ba ya ɗaukar fiye da kashi ɗaya da ɗan abin kai cikin dubu na daƙiƙa. Wanda ya bi ta tauraron ɗan'adam irin NigComSat-1R, da ke nisan kusan kilomita 36,000 a sama, yana cin kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya hau ya sauko, kuma shi ne ɗan jinkirin da ake ji idan wakili yana ba da rahoto kai-tsaye daga wata ƙasa.

Jami'in da ke duba kasafin kuɗin jami'o'i da cibiyoyin bincike yana da abin tunawa a wannan tarihi. Da an tambayi Hertz a 1887 ribar da gwajinsa zai kawo wa baitulmali, da ba shi da amsa, domin shi tambayar Maxwell kawai yake son warwarewa. Kwalejin Karlsruhe ta ba shi zaure da kayan aiki da lokaci, ta bar shi da zoben wayarsa. Lasisi biyu da aka sayar a Abuja cikin yini guda a 2021 sun kawo wa Najeriya fiye da dala miliyan 547 daga igiyoyin da aka fara gani a wannan zaure.